Baƙon Tsuntsu a Gindin Rumbu

Bana sanyi bai daɗe ba. Albasa ba ta gama kai ba zafi ya sauko, irin wanda tun hantsi za ka ji katanga tana huci. Ina zaune a Wurno yanzu, gidan ɗana, kuma aikina bai wuce tankaɗe da tsare kaji ba. Ran nan ina gindin dalbejiya da rariya a hannu, sai jikata Asma'u, wadda ta zo hutu daga jami'a a Sakkwato, ta tsaya cak da shanya a kafaɗa.

"Kaka, kada ki motsa. Dubi gindin katanga."

Tsuntsu ne, bai kai kurciya girma ba. Launinsa kamar ɓawon itace, toka-toka da ruwan ƙasa, da wani baƙin zane daga ƙeya har gadon baya. Yana tsaye kan layin tururuwa yana zura wani siririn harshe yana lashe su. Kyanwar gidan ta lallaɓo ta bayansa. Maimakon ya tashi, sai ya miƙe wuya, ya tayar da gashin kai, ya shiga murɗa wuyan a hankali har bakinsa ya koma yana kallon bayansa, yana wani tsaki kamar maciji. Kyanwa ta ja da baya. Ni kuwa rariya ta suɓuce mini, gari ya watse a ƙasa.

Asma'u ta ɗauki hotonsa da waya ta tura wa wani malaminsu mai bin diddigin tsuntsaye. Kafin la'asar wayar ba ta huta ba. Malamin ya tura wa abokansa, gardama ta kaure. Wani ya ce ɗan yautai ne, wani ya ce a'a, a dubi baki. Aka ce ta sake ɗauko ƙafafun, ta kwanta rub da ciki a tsakar gida ta ɗauko. Daga nan bakinsu ya zo ɗaya. Wai dangin maƙwaƙƙwafi ne, ko da yake shi ba ya huda itace. Wai a ƙasashen Turawa ake ƙyanƙyashe shi, in sanyinsu ya matso sai ya keto hamada ya wuce can kudu da mu ya zauna, kuma ba safai ake ganin ya yada zango a wannan yanki ba. Malamin ya roƙe ta kada a bar yara su jefe shi.

Tana karanto mini wannan duka tana murna, sai ta dube ni.

"Kaka, mi ya same ki?"

"Na san shi," na ce. "Ban san daga ina shike ba sai yau, amma na san shi."

Ina amarya na fara ganinsa, kuma ban sake ba sai wannan rana.

An kawo ni Kwargaba daga Lahodu bayan wata kaka da ba ta amsa sunanta ba. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, ya tsaya ya bushe a tsaye. Abin da aka samu a gonakin gidan mijina bai cika ƙaramin rumbu ba. Amma gidan ba a cikin firgici yake ba kamar sauran gidaje, domin surukina, wanda muke kira Baba, yana da babban rumbun ƙasa a bayan ɗakinsa, cike da tsohon gero na shekarun da aka yi albarka. Ba a taɓa shi. An ajiye shi ne don damina, lokacin da noma ke cin ƙarfin mutum, kuma a ciki za a fitar da iri. Baba yakan dafa cikinsa kamar mai dafa doki ya ce, "Muddin wanga na tsaye, gidan ga ba ya roƙo."

Daga ƙaramin rumbun muke ci, da awo. Kullum da safe surukata, Inna, za ta auno hatsi a ƙwarya ta shafe bakinta da tafin hannu, ta miƙo mini. In sussuke, in surfe, in ware dusa a ajiye, don a shekarar ko dusa ba ta dabba ba ce. Kunu da safe, tsararo, kana ganin fuskarka a ciki. Tuwo sau ɗaya, bayan magariba. Rijiyar unguwa ta ja ƙasa har sai an ɗaura igiya a kan igiya, guga ya fito da rabin laka, a zuba a randa a jira ya kwanta.

Ban daɗe da zuwa ba akuyar Inna ta mutu da ciki. Bayan nan rijiyar ta rufta ta gefe ɗaya. Na fara lura in na iso bakin ruwa hira takan yanke. Wata rana na tsinci kalmar da ake yi a kaina: farar ƙafa, wato macen da duk gidan da ta shiga arziki ke fita. Ban faɗa wa kowa ba. Inna ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma ba ta kiran sunana. "Ke" take cewa, ko "yarinyar ga".

Ni na fara ganin tsuntsun, ina shara a bayan babban rumbu, ƙarshen sanyi. Na ɗauka ɓawon itace ne har ya motsa. Kullum na je yana nan, a inuwar da ke tsakanin duwatsun da aka ɗora rumbun a kai. Na ƙyale shi, don ni ma baƙuwa ce a gidan.

Wata safiya maigidana ya gan shi. Ya ce ko romo a samu, ya lallaɓa ya kifa masa kwando. Da ya zura hannu ya kamo shi, tsuntsun ya yi abin nan nasa: ya miƙe, ya murɗe wuya, kai ya juya baya, tsaki na fita. Maigidana, wanda na sha gani yana kashe kububuwa da fartanya, ya sake shi cikin kwandon ya yi tsalle baya yana ta'awizi. Kafin ka ce me gida ya cika. Maza a tsaye, mata ta bayan zana. Aka ɗaga kwandon kaɗan don dattawa su gani, ya sake yi, mutane suka dare. Wani ya ce maciji ne ya rikiɗa. Wani ya ce aike ne na masu asiri, a ƙone shi da kwandon. Sai wata maƙwabciyarmu ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji:

"Tun da nike garin ga ban taɓa ganin irin shi ba, sai bana da anka yi baƙi a gidan ga."

Idanu suka juyo kaina. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu. Ta dubi ƙasa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Baffa Buba ne, wani tsohon Bafulatani abokin Baba, wanda duk shekara yakan zaunar da shanunsa a gonarmu su zuba taki in ya dawo daga kudu. A shekarar bai je ko'ina ba, don shanun da za a kora sun ƙare, saura 'yan ƙalilan da ake tayarwa da sanda. Ya tambayi abin da ya tara jama'a, aka nuna masa kwando. Ya jingine sandarsa, ya durƙusa, ya zura hannu ya fito da tsuntsun. Ya bar shi ya gama murɗe-murɗensa a tafin hannunsa, sannan ya juya shi ya buɗe ƙafar.

"Ku duba yatsu. Biyu gaba, biyu baya. Ɗan'uwan maƙwaƙƙwafi ne. Can nike ganin shi bayan Kontagora, inda ciyawa ke rufe saniya. Da sanyi shike zuwa, kafin ruwa shi ɓace, ba mu san inda shike tahiya ba. Amma ƙasar ga ban taɓa ganin shi ba."

"To wuyan fa?" in ji Baba.

"Tsoro ne. Ba shi da ƙaho, ba shi da dahi, sai shi ari halin maciji."

Wasu suka yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Baffa Buba bai yi ba. Ya tambaya ina aka kama shi. Aka ce gindin rumbu. Ya ce tun yaushe yake wurin. Babu wanda ya sani. Ban taɓa magana a gaban maza a gidan ba, amma na ji bakina ya buɗe.

"Ya yi kwanaki, Baffa. Nan shike wuni."

Ya dube ni, ya dubi rumbun, sannan ya buɗe hannu tsuntsun ya tashi ya haye zana.

"Maigida, wanga ba ya cin hatsi. Tururuwa ke aje shi wuri. In ya share kwanaki nan, akwai abin da ke ciyar da shi. A duba rumbun ga."

Baba ya ce ko makon jiya ya leƙa, cike yake har wuya. Duk da haka ya zagaya baya, wajen da rumbun ya kusa haɗuwa da katanga, inda ko tsintsiya ba ta shiga. Ya durƙusa ya daɗe bai ɗago ba. Ɗaya daga cikin duwatsun ya nutse, cikin rumbun ya zauna a ƙasa ta wannan gefe. Gara ta yi gini daga ƙasa ta shige ciki. Ta wata tsaga kuma tururuwa na fitowa a jere, kowace da ƙwayar gero a baki.

Aka kawo tsani, aka ɗage jinka. Daga sama dammunan gero suna nan a jere yadda aka shirya su, gwanin kyau. Maigidana ya hau ya zura ƙafa ya taka. Muka ji wata ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, ya nutse har ƙugu. Da ya fara miƙo dammuna, na sama kaɗai ne gero. Na ƙasa da su, yana ɗagawa suke marmashewa a hannunsa, jar ƙasa da ƙaiƙayi da fararen gara suna zuba. Ya yi ta miƙowa, ana ta karɓa ana ajiyewa, kamar in aka ci gaba za a iso inda geron yake. Har ya kai gindi.

Ba wanda ya yi kuka. Abin da na fi tunawa ke nan. Mutanen da suka cika gida suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Baba ya zauna a ƙasa, ba tabarma, ya miƙe ƙafafu kamar yaro, yana kallon tulin jar ƙasar. Inna ta riƙe haɓa, bakinta yana motsi ba sauti. Ni kuma na tsaya ina jiran wanda zai fara cewa ƙafata ce.

Baffa Buba ne ya ce a tashi, rana na yi. Muka shimfiɗa tabarmi muka ware abin da ya tsira. Ni da Inna muka wuni muna tankaɗe ƙasar rumbun da rariya muna tsince ƙwaya. Washegari muka bi layin tururuwar har gidanta a bayan gari, maigidana ya tona, muka tarar da geronmu a ɗakunanta, a killace, ya fi na rumbun tsabta. Suna cizonmu muna kwasa. Duk da haka, abin da aka haɗa gaba ɗaya bai kai abincin wata biyu ba, ga damina da sauran nisa.

Da yamma Baba ya zauna ya zaɓi zangarniyar da ta fi ƙwari, ya sa aka sussuke, aka gauraya da toka, aka zuba a babban tulu, ya liƙe bakin da laka da hannunsa. Iri ke nan. Inna ta ce a kai ɗakinta. Baba ya girgiza kai, ya ɗaga murya yadda na bayan zana za su ji.

"Ɗakin amarya za shi zauna. Ita ta lura da abin da mu masu gida ba mu lura ba. Ɗiyata, ga amanar gidan ga."

Aka mirgina tulun aka kai ƙuryar ɗakina. Tsuntsun ya ƙara 'yan kwanaki a kan juji inda aka zubar da ƙasar, sannan da zafi ya tsananta muka neme shi muka rasa.

Bazarar nan ban ga irinta ba. Iska takan taso da rana kamar daga bakin murhu. Maigidana ya tafi Goronyo neman ƙodago, yakan dawo jefi-jefi da ɗan garin rogo a ƙulle. Mu kuma muka koma daji. Mu fita da asuba, ni da Inna da sauran mata, mu tsinko anza, mu jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, ga ruwan kansa abin nema. Mun ci yaɗiya, mun ci goriba har da ɓawo, mun kakkaɓe ƙarangiya mun daka ƙwayarta, hannuwanmu duk ƙaya. Matar Baffa Buba takan aiko da ɗan tsala a ƙasan ƙwarya in saniya ta yarda. A lokacin ne na gane ina da ciki. Nakan kwanta ina jin ƙamshin gero ta jikin tulun, ko kuwa hancina ne ke yi mini ƙarya. Nakan juya masa baya in fuskanci bango.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka fita tsirara suna tsalle. Gari duka ya fita shuka. Baba ya fasa bakin tulun ya ce a ɗebi rabi kawai, ya sake liƙewa. Mutane suka ce ya cika tsoro. Gero ya tsiro, kore shar, kamar gashin jariri. Sai sama ta wanke tas. Muna gani shukar ta lanƙwashe, ta yi fari, iska ta binne ta da yashi. Gidaje da yawa sun zuba irinsu duka a wannan shuka.

A tsakanin nan Baba ya kwanta. Tun ranar rumbu bai ƙara cin abin kirki ba, rabonsa yakan tura wa jikoki ya ce ya ƙoshi. Cikinsa ya daina karɓar anza, ƙafafunsa suka kumbura. Wata rana da azahar Inna ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallon tulun.

"Tafi ɗaya za ki ɗebo mini. In dama mishi kunu. Ba ya iya haɗiye komi."

Na rasa abin yi. Uwar mijina ce, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce, "Inna, mu tahi tare mu tambaye shi." Ta dube ni har na ji kunya, amma ta juya muka tafi. Yana kwance a kan tabarma, idanunsa sun faɗa. Inna ta yi masa bayani. Ya ɗaga ido ya dube ta.

"In kunka ba ni iri na sha, mi za ku binne a gona?"

"Tafi ɗaya ne, Malam."

"Tafi ɗaya yau, tafi ɗaya gobe. Na san yunwa, ba ta cin tafi ɗaya ta tsaya." Ya juyo gare ni. "Ko ni na aiko, kada ki buɗe."

Inna ta fita. Ranar ta cire 'yan kunnenta na azurfa ta ba maigidana ya kai kasuwar Wurno, ya dawo da ɗan gero a leda. Shi aka yi ta dama wa Baba har ya ƙare.

Ruwa na biyu ya zo da asuba, a hankali, ya wuni yana zuba. Baba ya sa aka kawo tulun gabansa ya fasa da kansa. Ya ce a auna wa gidaje uku na maƙwabta da suka rasa iri, ciki har da gidan matar nan da ta yi magana a kaina. Sauran muka shuka, maigidana na sara da sungumi, ni da Inna muna bi muna jefawa muna takewa. Noman farko da gayya aka yi shi, gona bayan gona, maza suna noma suna hutawa a kan kota don jiri. Abin da za a ba su bai wuce dafaffen tafasa da ɗan gishiri ba, ba kuma wanda ya yi ƙorafi. Yanzu a gidan ɗana hatsi a buhu yake, a ɗakin siminti, da magani a ciki, ga injin ban ruwa ana noman rani. In abinci ya yi saura sai in ga an juye wa kaji, in kau da kai.

Ruwa ya riƙe a wannan karon. Da gero ya fitar da kai, Baba ya ce a kai shi ya gani. Aka ɗora shi a jakin Baffa Buba, maigidana yana riƙe da shi ta gefe. Ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo, ya miƙa hannu ya shafa zangarniya ɗaya, garin furen ya manne masa a yatsu. Ya ce, "To, mu koma." Bai kai ga cin sa ba. An yi jana'izarsa gero yana nono.

Ranar da aka karyo tumun farko ni na gasa. Ƙamshin ya cika gida, yara sun kewaye murhu suna haɗiyar yawu. Na murje na farko, na hure, na zuba a akushin Baba kamar yadda aka saba, babba shi ke fara ci. Na ɗauka na nufi ɗakinsa. Sai da na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama sannan na tuna.

Ina nan durƙushe da akushi a hannu, sai na ji Inna a bayana. Ta karɓi akushin, ta zauna a dokin ƙofar, ta ja ni na zauna kusa da ita.

"Sa hannu, ɗiyata," ta ce. "Ke da na cikinki ku fara."